Yadda Ake Karanta Jaridu da Mujallu a Kan Na'urar Karatu

Kusan duk wanda ya taɓa kawo mini ƙorafi a kan wannan batu, labarinsa iri ɗaya ne. Ya sayi na'urar karanta littattafai, irin su Kindle ko Kobo, ya ji daɗinta da littafi, sai ya ce bari ya ɗora mata mujalla. Ya samo ta a fayil ɗin PDF, ya tura, ya buɗe, ya tarar da rubutu ƙanana kamar jerin kiyashi. Ya ja da yatsa don ya ƙara girma, fuskar ta ƙyafta, rabin shafi ya ɓace. Shi ke nan ya yanke hukunci cewa wannan na'ura ba ta jarida ba ce.

Ta jarida ce. Na yi shekaru a kanta nake karanta tawa kowace safiya, kuma ban ga abin da ya kai ta natsuwa ba: babu talla mai tsalle, babu saƙon da zai faɗo maka a tsakiyar jimla. Abin da za ka riƙe tun daga farko guda ɗaya ne. Rubutun ake kai wa na'urar, ba shafin ba. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan suka ginu.

Kayan da za ka tanada

Na'urar karatun kanta, da caji a cikinta aƙalla rabi.

Kebul ɗin USB mai ɗaukar bayanai. A nan mutane da yawa suke tuntuɓe, domin akwai kebul ɗin da caji kawai yake yi. Idan ka haɗa na'ura da kwamfuta ta fara caji amma kwamfutar ba ta gan ta ba, kafin ka zargi komai, canza kebul.

Kwamfuta, ko da tsohuwa ce. Windows, Mac ko Linux duk za su yi. Idan ba ka da ita, wayar hannu za ta yi maka wani ɓangare na aikin, zan nuna yadda ake a mataki na bakwai.

Manhajar Calibre, wadda take tattara littattafai a kwamfuta, ta sauke labarai, ta tura su na'ura. Kyauta ce, Kovid Goyal ne ya fara rubuta ta a 2006, kuma har yanzu ana sabunta ta a kai a kai. Daga shafinta na ainihi za ka sauke ta, kada ka karɓa daga wani shafi da ya ce yana da ita.

Intanet, da adireshin imel. Ina ba da shawarar ka buɗe sabon imel na wannan aiki kaɗai.

Idan jaridar da kake so ta kuɗi ce, sai sunan shiga da kalmar sirrin asusunka na jaridar.

Ɗan abin da ya kamata ka sani

Fuskar waɗannan na'urori ba irin ta waya ba ce. A cikinta akwai miliyoyin ƙananan ƙwanso, kowanne ɗauke da ƙwayoyi farare da baƙaƙe. Lantarki yakan turo farare ko baƙaƙe sama, rubutu ya fito, sannan ya zauna a haka ba tare da cin wuta ba har sai ka juya shafi. Shi ya sa batir yake yin makonni, shi ya sa kuma ake karantawa a tsakiyar rana kamar takarda. Amma motsin ƙwayoyin yana da nawa. Ja sama, ja ƙasa, buɗa hoto da yatsu biyu, duk waɗannan ba su ne gwanintarta ba. Juya shafi ta iya. Launi kuwa, yawancinsu matakai 16 ne kawai tsakanin fari da baƙi.

Fayil kuma iri biyu ne. Akwai wanda rubutunsa yake bin girman fuska kamar ruwa a mazubi, wato EPUB, da takwarorinsa na Kindle irin su AZW3 da MOBI. Ka ƙara girman haruffa, layuka su sake jeruwa da kansu. Akwai kuma mai daskararren shafi, wato PDF, wanda yadda aka tsara shi a maɗaba'a haka zai zo maka. Shafin mujalla yana kusa da girman takardar A4, faɗinsa santimita 21. Fuska mai inci 6 faɗinta kimanin santimita 9 ne. Ka ga dalilin jerin kiyashin nan ke nan.

Mataki na 1: Gano ƙofar da na'urarka take karɓar kaya

Kindle tana da adireshin imel nata na kanta, wanda yake ƙarewa da @kindle.com. Duk fayil ɗin da ka aika wa adireshin zai sauka a na'urar idan ta hau Wi-Fi. Tun 2022 wannan hanya take karɓar EPUB, ta kuma daina karɓar MOBI daga baya. Ta kebul kuwa abin juye yake: Kindle ba ta buɗe EPUB da aka jefa mata kai tsaye, sai AZW3 ko MOBI. Riƙe wannan bambanci da kyau, domin shi ne sanadin rabin "na tura ban gani ba".

Kobo da PocketBook suna buɗe EPUB kai tsaye ta kebul. PocketBook ma tana da nata adireshin imel, wasu samfuran Kobo kuma suna haɗuwa da Dropbox, wata ma'ajiyar fayiloli a intanet.

Akwai kuma masu tafiya da Android, irin su Onyx Boox, waɗanda ake saka musu manhajoji kamar waya. Idan irin wannan gare ka, hanyarka ta fi kowa gajarta: ka saka manhajar jaridar, ko PressReader mai ɗauke da dubban jaridu da mujallu, ko Libby idan ɗakin karatun da kake da kati a cikinsa yana ba da mujallu ta nan. A cikin kowace, nemi maɓallin da yake fitar da maƙala a matsayin rubutu zalla, kada ka tsaya a hoton shafi. Sai dai ka sani batir ɗin irin waɗannan kwanaki yake yi, ba makonni ba. Mujallun Libby kuwa a cikin manhajar ake karanta su, ba a tura su Kindle kamar yadda ake tura littafi.

Wani abu da yake rikita sababbi: tsofaffin bayanai suna cewa ka shiga kantin Kindle ka yi rajistar jarida. Amazon ta daina wannan tsari na rajistar jarida ɗai-ɗai a 2023, wasu mujallu suka koma cikin Kindle Unlimited, tsarinta na karatu da biyan kuɗin wata-wata. Idan ka nema ba ka gani ba, ba na'urarka ce ta lalace ba.

Mataki na 2: Zaɓi abin da za ka karanta, kuma ka taƙaita

Kafin ka taɓa kwamfuta, ɗauki takarda ka rubuta jarida ɗaya ta kullum da mujalla ɗaya ko biyu na mako ko na wata. Iyakarsa ke nan a watan farko.

Na faɗi haka ne domin na gwada akasinsa. Lokacin da na fara, na jera kafofi sun fi goma sha biyar. Cikin mako biyu littattafaina sun nutse a ƙarƙashin tarin bugun da ban buɗe ba, kuma kullum na kunna na'urar sai in ji kamar bashi ake bi na. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Da na rage su zuwa uku ne na fara karanta jarida daga farko har ƙarshe.

Ka kuma duba irin mujallar. Mai dogayen maƙalu, ta siyasa, tarihi, kimiyya ko adabi, ita ce ta dace da wannan fuska. Mujallar da hotuna ne ranta, kamar ta gine-gine ko ta ɗaukar hoto, gaskiya ka bar ta a kwamfutar hannu ko a takarda.

Mataki na 3: Saka Calibre ka gaya mata na'urarka

Da ka buɗe ta karon farko za ta tambaye ka inda za ta ajiye littattafai da kuma irin na'urarka. Kada ka tsallake tambaya ta biyu. Da amsarka take sanin girman da za ta rage hotuna zuwa gare shi. Sannan shiga "Preferences", ka buɗe "Behavior", ka duba nau'in fayil ɗin da za ta riƙa fitarwa. EPUB idan Kobo ko PocketBook gare ka, ko kuma idan ta imel za ka riƙa aika wa Kindle. MOBI ko AZW3 idan ta kebul za ka riƙa ba Kindle.

Mataki na 4: Sauke bugu na farko da hannunka

A saman Calibre akwai maɓalli mai suna "Fetch news". Danna shi, jeri zai fito na kafofin labarai fiye da dubu, an kasa su bisa harshe da ƙasa. Kowace kafa tana da ɗan umarnin da wani ya rubuta, wanda yake gaya wa Calibre inda maƙalu suke a shafin jaridar da abin da za ta zubar na talla da tarkace. Rubuta sunan jaridarka a akwatin nema, ka zaɓe ta. Idan ta kuɗi ce za ka ga gurbin sunan shiga da kalmar sirri. Cike su, sannan danna "Download now".

A kusurwar dama ta ƙasa za ka ga alama tana juyawa. Bar ta. Jarida mai sassa da yawa takan ɗauki mintuna. Idan ta gama, bugun zai bayyana a cikin jerin littattafanka da kwanan watan ranar.

Yanzu abin da mutane suke tsallakewa: buɗe shi a kwamfutar tukuna kafin ka tura. Duba maƙala uku ko huɗu daga sassa dabam-dabam. Cikakku ne, ko sakin layi biyu ne kawai sai a ce ka yi rajista? Idan guntaye ne, jaridar ta kuɗi ce, kuma maganin shi ne ka biya ka saka asusunka. Ban ga laifin hakan ba, 'yan jaridar da suka rubuta da wannan kuɗi ake biyansu. Idan kuma bugun ya zo fanko, ko aikin ya tsaya da saƙon kuskure, mai yiwuwa jaridar ta sauya tsarin shafinta, umarnin ya tsufa. Sabunta Calibre ka sake gwadawa bayan kwana biyu. Idan ya ƙi, mataki na gaba zai fitar da kai.

Mataki na 5: Idan jaridarka ba ta cikin jerin

Yawancin shafukan labarai suna da wani adireshi da ake kira RSS, wanda yake jera sababbin maƙalu a tsarin da manhaja take ganewa. Nemi kalmar RSS a ƙasan shafin jaridar. Idan ba ka gani ba, gwada ƙara /feed a ƙarshen adireshin shafin, domin duk shafin da aka gina da WordPress, wata manhajar gina shafuka, a nan yake ajiye nasa sai in an kashe. Idan ka ga jerin kanun labarai cakuɗe da alamomi, ko burauza ta ce za ta sauke wani fayil, ka dace.

Koma Calibre, danna ƙaramar kibiyar da ke gefen "Fetch news", ka zaɓi ƙara kafa taka ta kanka, sannan "New recipe". Ba ta suna. Za ka ga lambobi biyu, kuma a kansu nake so ka tsaya. Ta farko ita ce tsufan maƙalar da za a ɗauko, tana zuwa a kwana 7. Ta biyu ita ce yawan maƙalu daga kowane adireshi, tana zuwa a 100. Ga jaridar kullum mayar da ta farko kwana 1, in ba haka ba kowace safiya za ka sake samun labaran da ka karanta jiya da shekaranjiya. Ta biyu kuma ni 15 nake sawa, ko 20 in sashen yana da muhimmanci a wurina. Ga mujallar mako, bar kwana 7 ɗin.

Sai ka liƙa adireshin RSS, ka ba shi suna, ka danna "Add feed". Idan jaridar tana da adireshi dabam ga kowane sashe, sa su ɗaya bayan ɗaya, kowanne zai zama babi a cikin bugun. Nan ne daɗin abin yake: za ka iya haɗa sashen duniya daga wannan jarida, kimiyya daga waccan, sharhi daga wata, ka ajiye su da suna ɗaya. Ka zama editan jaridar kanka, kuma sashen da ba ka karantawa ba zai taɓa shigowa ba. Ajiye, sannan ka neme ta a rukunin "Custom" cikin jerin kafofi, ka gwada ta kamar yadda ka yi a mataki na huɗu.

Mataki na 6: Kai bugun cikin na'ura

Ta kebul. Buɗe Calibre, haɗa na'urar, jira har alamarta ta fito a sama. Zaɓi bugun ka danna "Send to device". A cikin "Behavior" akwai zaɓin da yake sa duk labaran da aka sauke su wuce da kansu da zarar an haɗa na'ura, kunna shi. Idan ka gama, cire na'urar daga cikin Calibre kafin ka zare kebul. Fizge kebul ana cikin rubutu yana lalata fayil, wani lokaci ma yana hargitsa rijistar littattafan na'urar gaba ɗaya. Wannan hanya ba ta buƙatar Wi-Fi ko kaɗan, kuma a Kindle da yawa bugun MOBI da ya shigo ta kebul yana buɗewa da tsarin jarida sosai, sassa a gefe ɗaya, kanun labarai a ɗaya gefen.

Ta imel, ga mai Kindle. Wannan tana da ɗan wuya a ranar farko, daga nan kuma ba ka sake taɓa ta. Shiga asusunka na Amazon a burauza, ka je wurin kula da littattafai da na'urori, ka buɗe "Preferences", sannan "Personal Document Settings". Abu biyu za ka yi a nan. Ka kwafi adireshin Kindle ɗinka. Ka kuma ƙara imel ɗin da za ka riƙa aikowa daga gare shi cikin jerin waɗanda aka amince da su. Wanda ya manta na biyun zai yi ta aikawa ba abin da zai iso.

A Calibre, shiga "Preferences" ka buɗe "Sharing books by email". Sa adireshin Kindle, nau'in fayil EPUB, ka yi alama a "Auto send". A ƙasa kuma sa bayanan imel ɗin da zai yi aiken. Idan Gmail ne, kalmar sirrinka ta kullum ba za ta yi ba. Sai ka kunna tantancewa mai mataki biyu a asusun, ka ƙirƙiri kalmar sirri ta musamman ta manhaja, ita za ka liƙa. Wannan ne dalilin da na ce ka buɗe imel dabam, don kada ka ajiye mabuɗin babban imel ɗinka a cikin wata manhaja. Danna maɓallin gwaji. A 'yan lokutan farko Amazon takan aiko saƙo tana neman ka tabbatar kai ne ka aiko, don haka leƙa akwatin imel ɗin da ka yi rajistar Amazon da shi.

Iyakar nauyin abin da imel zai ɗauka megabait 50 ne. Mujalla mai hotuna da yawa takan wuce haka. In ta wuce, yi amfani da shafin Send to Kindle a burauza, wanda yake karɓar har megabait 200, ko ka koma kebul. Bugun da ya zo ta imel kamar littafi yake buɗewa, saboda haka da jadawalin abin da ke ciki za ka riƙa tsallakawa daga sashe zuwa sashe.

Idan babu Wi-Fi a inda kake, kunna rabon intanet a wayarka ka haɗa na'urar da shi. In na'urar ba ta ga wayar ba, mayar da zangon rabon zuwa 2.4 GHz, domin tsofaffin na'urori da yawa ba sa ganin na 5.

Da hanyar ta kama, koma "Fetch news" ka sa wa kowace kafa lokaci: kullum, ko wasu ranakun mako, ko bayan kwana kaza. Sharaɗi ɗaya ne, sai kwamfutar tana kunne kuma Calibre tana buɗe. Idan lokacin ya yi tana kashe, sai ka buɗe ta sannan za ta yi aikin. Ni na sa Calibre cikin manhajojin da suke tashi tare da kwamfuta, kafin in gama shirin safe jarida ta iso.

Mataki na 7: Maƙala ɗai-ɗai, da wanda ba shi da kwamfuta

Sau da yawa ba jarida sukutum kake so ba, doguwar maƙala ce ka ci karo da ita a waya, ba ka son karanta ta a ƙaramin gilashi. Mai Kindle ya saka manhajar Kindle a wayarsa, ya danna maɓallin rabawa a burauza, ya zaɓi Kindle. A kwamfuta kuma akwai ƙarin Send to Kindle da ake liƙa wa Chrome.

Mai Kobo ya buɗe asusun Instapaper, manhajar adana maƙalu don a karanta daga baya, ya haɗa shi da na'urar. Duk abin da ka adana a Instapaper daga waya zai sauka a Kobo idan ta hau Wi-Fi. Da can Pocket ce take wannan aiki, amma an rufe ta a watan Yulin 2025, Kobo ta koma Instapaper. Idan har yanzu Pocket kake gani a na'urarka, sabunta manhajar cikinta.

Wanda ba shi da kwamfuta sam, wannan ita ce jaridarsa. Da daddare ka bi kanun labarai a waya, ka aika biyar ko shida da suka cancanci a zauna a karanta, da safe ka same su a jere. Na san masu kwamfuta da suka bar Calibre suka zauna a kan wannan, domin abin da suka zaɓa da hannunsu kaɗai yake zuwa.

Mataki na 8: Idan PDF kaɗai ake da shi

Wasu mujallu ba sa bayar da komai sai PDF. Fara dubawa a asusunka ko suna da EPUB, da yawa suna da shi a gefe ba a lura ba. Idan babu, ga abin yi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Kwantar da fuskar. A kwance, faɗin da shafi zai samu yana ƙaruwa da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma za ka karanta shafi a yanki biyu ko uku. A na'ura mai inci 10 da ɗoriya, irin Kindle Scribe ko Kobo Elipsa, dogon gefen fuskar kusan santimita 21 ne, wato rabin shafin mujalla zai fito da girmansa na ainihi. Wanda mujallun PDF ne yawancin karatunsa, wannan girman ya kamata ya nema tun wajen saye.

Yanke farin gefe. PocketBook da Boox suna da wannan a cikin saitin karatu, suna kuma da tsarin bin rubutu gida-gida, wato jerin layukan da ke tsaye gefe da gefe a shafi, inda kowane dannawa yake gangara da kai cikin gida na farko, ya hau da kai kan na biyu. Manhajar KOReader, wadda ake iya sakawa a Kobo, PocketBook da na'urorin Android, ta ƙware a wannan ƙwarai.

Sake yanka fayil ɗin a kwamfuta da k2pdfopt. Kyauta ce. Tana ɗaukar shafi mai gida biyu ko fiye, ta yanyanka shi, ta jera yankunan a tsaye daidai girman fuskarka. Tana aiki har da shafukan da aka ɗauka da na'urar sikanin. Fayil ɗin da za ta fitar yakan yi nauyi, don haka ta kebul za ka tura.

Abin da ba na so ka ɓata lokaci a kansa shi ne juya PDF na mujalla zuwa EPUB da Calibre. Da littafi mai gida ɗaya wani lokaci ana dacewa. Da shafi mai gida uku, layin gida na farko zai manne da layin na biyu, bayanin hoto ya faɗo tsakiyar jimla. Haka ma rubuta kalmar "convert" a kan saƙon imel zuwa Kindle: tana aiki da rubutu mai sauƙi, ba da shafin mujalla ba.

Idan fayil ya ƙi buɗewa kwata-kwata alhali lafiyarsa lau, wataƙila mai kulle ne, wanda sai a manhajar kantin da ya sayar da shi ake buɗe shi. Tambayi wannan kafin ka biya.

Mataki na 9: Gyara fuskar karatu

Girman haruffa ɗan ƙasa da wanda kake karanta littafi da shi, gefe kuma siriri, don sakin layi ya fito ɗungurungum a shafi ɗaya. Idan kana ganin inuwar hoton shafin baya a ƙarƙashin rubutu, kunna saitin da yake wanke fuska a kowane shafi. Jarida ta fi littafi buƙatar wannan saboda yawan hotuna.

Idan haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, suna fitowa kamar akwati ko da wani salo dabam da sauran, salon rubutun ne ba shi da su. Sauke wanda yake da su, irin Charis SIL, Gentium ko Noto Serif. Haɗa na'urar da kwamfuta, ka zuba fayilolin a folda mai suna fonts a farkon ma'ajiyar. A Kindle tana nan, a Kobo kai za ka ƙirƙire ta. Cire na'urar, ka zaɓi sabon salon a cikin saitin rubutu.

Game da masu launi da suka yawaita a 2024, irin Kobo Libra Colour da Kindle Colorsoft: launi 4096 suke nunawa, kaifin launin kuma ɗigo 150 ne a kowane inci, rabin na baƙi da fari mai 300. Suna taimakawa wajen taswira da jadawalin da aka bambanta layukansa da launi. Amma launin a dushe yake kamar na takardar jarida, fuskar kuma ta ɗan fi duhu, sai ka ƙara haske. Ga mai karanta rubutu zalla, ba sai ya canza na'ura ba.

Mataki na 10: Shara

Jarida kullum take haihuwa, in ba ka share ba za ta cika gida. A ƙasan tagar "Fetch news" akwai wurin da za ka ce a goge labaran da suka wuce kwana kaza daga kwamfuta. A shafin "Advanced" na kowace kafa kuma kana iya cewa a riƙe bugu kaza na ƙarshe, amma adadin kwanakin nan ya shafi dukkansu kuma shi yake rinjaye. Wannan bai shafi na'urar ba, ita da hannu za ka share ta sau ɗaya a mako. Mai aikawa ta imel ya tuna Amazon tana ajiye kwafin kowane bugu a asusunsa, sai ya goge su a can lokaci-lokaci, ko ya kashe ajiyar a wurin da ya samo adireshin Kindle ɗinsa.

Kafin ka goge, ceci abin da kake so. A Kindle duk layin da ka ja wa alama yana taruwa a fayil mai suna My Clippings.txt a cikin foldar documents, kuma yana nan ko bayan ka goge bugun. Kwafe shi zuwa kwamfuta duk wata. A sauran na'urori, fitar da alamominka tukuna, domin galibi tare da fayil ɗin suke tafiya.

Idan ka lura batir ya fara zuba da sauri, dalili biyu ne suka fi yawa. Ko Wi-Fi ne a kunne dare da rana, ko kuma Kindle tana ta fama da tsara kalmomin sababbin fayiloli don bincike, wani lalataccen bugu ya maƙale mata. Na farko, kunna Wi-Fi da safe, jira bugun ya sauka, ka kashe. Na biyu, rubuta wasu haruffa marasa ma'ana a akwatin nema, ka duba sakamakon binciken cikin littattafai, za ta nuna maka abubuwan da ba ta gama tsarawa ba. Wanda ya kwana biyu a wannan jeri, goge shi ka sake sauke sabo.